Ƙaramin Laifin da Ya Shekara 10: A Rufe Shi ko a Nuna wa Mai Ɗaukar Aiki?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Zan faɗi matsayina tun da farko domin kowa ya san inda zai kama ni. Ina ganin duk wanda kotu ta taɓa samu da ƙaramin laifi, kamar faɗan da bai kai ga mummunan rauni ba, ko satar abin da bai taka kara ya karya ba, idan ya gama hukuncinsa kuma ya yi shekara 10 bai sake komawa gaban alƙali ba, bai kamata laifin ya ƙara fitowa a takardar shaidar hali da 'yan sanda ke bayarwa ba, kuma bai kamata fom ɗin neman aiki ya tilasta masa ambatonsa ba.

Wannan shekara 10 ba daga kaina na ciro ta ba. Kundin tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 66, ya hana mutum tsayawa takarar majalisar tarayya idan kotu ta hukunta shi kan laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin ranar zaɓe, kuma sashe na 137 da na 182 sun sa wannan wa'adin ga mai neman shugabancin ƙasa da mai neman gwamna. Ma'ana, idan wa'adin ya wuce, ƙofa ta buɗe. Amma ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ce ba za a ɗauki wanda kotu ta taɓa samu da laifi ba sai da amincewar hukumar ɗaukar ma'aikata, ba tare da sun yanke wa'adi ba, haka nan sharuɗɗan shiga soja da ɗan sanda. Ashe mutum zai iya neman riƙe baitulmalin jiha guda bayan shekara 10, alhali mai neman aikin masinja ko direba yana ɗauke da laifinsa har kabari. Wannan ne abin da na kasa samun hujjarsa.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, na fahimci tausayin da ke cikin maganarka, amma ni ina riƙe da makarantar firamare, kuma abin da iyaye ke miƙo mini kowace safiya ba kuɗi ba ne, 'ya'yansu ne. Idan zan ɗauki direban da zai kwaso yara daga gidajensu, ko mai gadin da zai tsaya a ƙofa bayan an tashi, ina da haƙƙin sanin duk abin da hukuma ta sani game da shi. Ban ce duk mai tsohon laifi zan kore shi ba. Abin da nake cewa shi ne a ba ni bayanin, ni in auna, tunda ni ce zan tsaya gaban iyaye idan wani abu ya faru, ba ɗan majalisar da ya rubuta dokar ba. Kuma kalmar ƙaramin laifi tana ba ni tsoro, domin sau da yawa abin da aka rubuta a takardar kotu ba shi ne girman abin da ya faru ba. Ana sasantawa a sassauta tuhuma, ana janye shaidu saboda kunya ko matsin dangi, sai babban abu ya fito a ƙarami. Magabata da suka ce hali zanen dutse ba su faɗa a banza ba. Su kuma 'yan siyasa, idan wa'adin da aka ba su ya yi sauƙi, gyaran shi ne a tsaurara musu, ba a sassauta wa kowa ba.

Barista: Kafin mu yi nisa, bari in shimfiɗa yadda dokar take a yau, saboda Hajiya Maman Sadiq da Baban Ummi su san a kan wace ƙasa suke tsaye. Nijeriya ba ta da dokar da ke sa hukunci ya tsufa ya daina ƙirguwa bayan wasu shekaru. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 16, ta tanadi babbar rajistar masu laifi a hannun rundunar 'yan sanda, kuma daga irin wannan rajista ake duba zanen yatsun mutum kafin a ba shi takardar shaidar hali, wadda yanzu ake nema ta intanet. Dokar ta faɗi yadda suna zai shiga, ba ta faɗi ranar da zai fita ba.

Akwai sassauci guda biyu. Na farko, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda ta sauya sunan gidajen yari, ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga fursunan da ya nuna ya gyaru, ta kuma ce kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Wannan tanadi ne mai kyau, sai dai mafi yawan masu ɗaukar aiki ba su ma san da shi ba. Na biyu shi ne afuwa, ta shugaban ƙasa a sashe na 175 ko ta gwamna a sashe na 212, wadda ita ce ke wanke mutum tas. To, amma wa ke samun ta? Salisu Buhari, kakakin majalisar wakilai da kotu ta samu da laifin takardun bogi a 1999, Obasanjo ya yi masa afuwa. Alamieyeseigha, tsohon gwamnan Bayelsa, ya samu a 2013. Tsofaffin gwamnoni Dariye na Filato da Nyame na Taraba sun samu a 2022. Ba na musun cewa ana saka talakawa a jerin afuwa, amma yaron da aka ɗaure wata uku kan satar waya, ya fito ya kama sana'a, ba shi da wanda zai kai sunansa gaban kwamitin afuwa bayan shekara 15.

Alhaji na Kwari: Barista, Allah ya ƙara basira. Ni dai a kasuwa nake, kuma mu ba ma tura yaro ofishin 'yan sanda ya kawo takarda. Muna tambayar wanda ya kawo shi, mu nemi wanda zai tsaya masa, mu aika a binciko gidansu da mai unguwarsu. Na taɓa ɗaukar waɗanda suka yi zaman gidan yari, kuma cikinsu akwai wanda yau shi ke riƙe mini makullin sito. Abin da ya sa na yarda da shi shi ne da bakinsa ya gaya mini abin da ya faru tun ranar farko, kafin in ji a waje. Da a ce doka ta ba shi ikon cewa bai taɓa yin komai ba, daga baya in ji labari a bakin wani, wallahi da amanar ta rushe ko da bai ɗauki ko allura ba. Wannan ne ya hana ni bin bayan Baban Ummi: kana so doka ta halatta wa mutum ya ɓoye, mu kuma ciniki ba ya tafiya sai da bayyanawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya.

Malam na Zariya: Alhaji, hadisin da ka kawo ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, amma malaman fiƙihu sun yi wa wannan mas'ala bayani daki-daki fiye da yadda muke zato, domin sun fuskanci irinta a babin shaida. A Suratun Nur, aya ta 4, Allah ya yi umurni a yi wa mai ƙazafi bulala 80 kuma kada a ƙara karɓar shaidarsa, sannan aya ta 5 ta keɓe waɗanda suka tuba suka gyara. Imam Malik da Imam Shafi'i suka fahimci cewa idan ya tuba shaidarsa ta dawo, Imam Abu Hanifa kuma ya tafi a kan cewa sunan fasiƙanci ne kawai ke ɗagawa, shaidar ba ta dawowa. Kun ga saɓanin da ke tsakanin Baban Ummi da Hajiya tsohon saɓani ne, kuma manya ne a kowane ɓangare.

Abin da na fi so ku lura da shi shi ne matsayar mazhabarmu ta Malikiyya, wadda duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta kanta: wanda aka yi wa haddin zina, idan ya tuba ana karɓar shaidarsa, sai dai a kan zina. Ba a rufe masa duk ƙofofi ba, ba a kuma buɗe masa dukansu ba. An rufe wadda ta shafi laifinsa, an bar sauran. Idan muka ɗauko wannan ma'auni, wanda ya taɓa cin amanar kuɗi ana iya hana shi riƙe asusu, amma babu dalilin hana shi tuƙin mota ko aikin walda, kuma wanda aka hukunta kan faɗa a gidan kallon ƙwallo yana ɗan shekara 18, babu alaƙa tsakanin wannan da aikin akawu yana ɗan shekara 35. Matar nan ta Banu Makhzum da aka zartar wa haddin sata, Nana A'isha ta ba da labarin cewa tubanta ya yi kyau, ta yi aure, kuma tana zuwa da buƙatunta ana isar mata ga Annabi. Ba a mayar da ita saniyar ware ba bayan hukunci.

Dakta: Allah ya gafarta Malam, wannan ma'aunin ya yi daidai da inda binciken zamani ya karkata. Ina so in amsa wa Hajiya kan cewa a ba ta bayani ita ta auna. Da a ce haka masu ɗaukar aiki ke yi, da babu matsala, amma abin da aka gwada ya nuna yawancinsu ba sa aunawa, ture takardar kawai suke yi. A birnin Milwaukee na Amurka, Devah Pager ta tura samari masu takardun cancanta iri ɗaya neman ƙananan ayyuka, wasu suna cewa sun taɓa zaman kurkuku kan ƙwaya, wasu ba su da komai, ta wallafa sakamakon a 2003. Farar fata marasa laifi an kira kashi 34 cikin 100, masu laifi kashi 17. Baƙar fata marasa laifi kashi 14, masu laifi kashi 5. Yawanci ko ganawa ba a kai ga yi ba, balle mutum ya samu damar bayanin da ya ceci yaron Alhaji.

Game da ko hali na canzawa kuwa, Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura sun bi tarihin mutum kusan 88,000 da aka fara kamawa a jihar New York a 1980, suka wallafa a 2009. Sun gano cewa haɗarin sake aikata laifi ya fi yawa a shekarun farko, sannan yana ta sauka har ya daidaita da na sauran jama'a masu shekaru irin nasu. Ga wanda aka kama yana ɗan shekara 18, wannan ya ɗauki kusan shekara 4 idan fasa gida ne, da kusan shekara 8 idan fashi ne. Saboda haka shekara 10 da Baban Ummi ya kawo ba ganganci ba ne, ta ma zarce abin da alƙaluman suka nuna.

Maman Sadiq: Dakta, waɗannan alƙaluman na ƙasar da idan an kama mutum ake rubutawa ne. A nan, mutum zai yi shekara 10 sunansa bai koma rajista ba, ba don ya daina ba, sai don an kashe maganar a ofishin 'yan sanda, ko an kama shi a wata jiha da wani suna, ko kotun ba ta aika wa kowa hukuncin ba. Yaya za a ce tsabtar takarda shaida ce ta tsabtar mutum a inda takardar kanta ba a cika ta?

Dakta: Wannan tambayar tana da nauyi, Hajiya, kuma ba zan rage mata komai ba. Amma ki duba ɗaya fuskar: idan rajistar ba ta cika ba, to waɗanda ke cikinta ba su ne mafi haɗari ba, su ne waɗanda ba su da mai kashe musu magana. Takardar da kike dogaro da ita tana tace marasa gata ne, ba miyagu ba.

Akwai kuma wani bincike da ya kamata masu goyon bayan Baban Ummi su sani, domin yana jan kunnensu. Jihohi da birane da dama a Amurka sun hana tambayar tsohon laifi a fom ɗin farko, Hawaii ce ta fara a 1998. Amanda Agan da Sonja Starr suka aika takardun neman aiki kusan 15,000 a New Jersey da birnin New York, kafin dokar da bayanta. A kamfanonin da dokar ta shafa, ratar kira tsakanin farare da baƙaƙe ta tashi daga kashi 7 zuwa kashi 43 cikin 100. Da aka hana masu ɗaukar aiki tambaya, sai suka koma zato, suka ɗora zaton a kan launin fata. A wurinmu zaton zai faɗa kan unguwar da yaro ya fito, ko ƙabilarsa, ko yanayin askinsa. Shi ya sa ni ba na goyon bayan a hana tambaya baki ɗaya. Na fi son a bar tambayar, amma a taƙaita abin da amsarta za ta ƙunsa.

Maman Yusra: Ni aikin jinya nake yi a Ingila, kuma ba a barin kowa ya taɓa majiyyaci ko yaro a nan sai an yi masa bincike mai zurfi, mu da muka zo daga gida har takardar 'yan sandan Nijeriya aka nema a hannunmu. Tsoron Hajiya su ma sun ɗanɗana shi. A 2002 mai kula da ginin wata makaranta a garin Soham ya kashe 'yan mata biyu masu shekara 10, kuma binciken da aka yi a 2004 ya nuna an sha kai ƙararsa wurin 'yan sanda a wani yanki kan zargin lalata, amma bayanan ba su isa inda aka ɗauke shi aiki ba. Bayan wannan aka tsaurara sosai.

Sai tsaurin ya wuce gona da iri ta wani gefen. Akwai wata mata da a 1999, tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa kuma ba ta da matsuguni, ta ɗauki littafin da kuɗinsa bai kai fam ɗaya ba, sannan ta kasa zuwa kotu ranar da aka sa mata. Wannan ya zama laifi biyu, kuma ƙa'idar lokacin ta ce mai laifi fiye da ɗaya za a riƙa bayyana nasa har abada. Ta warke, tana son aikin taimaka wa malamin aji, amma duk inda ta je sai ta buɗe tarihin ciwonta domin ta yi bayanin laifin. Kotun ƙolin Birtaniya ta yanke a Janairun 2019 cewa wannan ƙa'ida ta wuce kima, aka gyara a 2020.

Yadda suke yi yanzu, binciken hawa-hawa ne. Ga aikin gama-gari, dokar 1974 ta sa hukunci ya tsufa, tara ma shekara 1 kawai take yi. Ga aikin yara da marasa lafiya ana tono tsofaffin ma, amma ƙaramin laifi na faɗuwa daga takardar bayan shekara 11, ko 5 da rabi idan mutum bai kai 18 ba lokacin hukuncin. Akwai jerin laifuffuka, irin su fyaɗe da cin zarafin yara da mummunan rauni, da ba sa faɗuwa ko bayan shekara nawa, haka nan duk hukuncin da ya kai ga ɗauri. Hajiya da Alhaji ba za a ba su takarda iri ɗaya a nan ba, domin abin da suke tsaro ba ɗaya ba ne.

Baban Ummi: Maman Yusra, na karɓi tsarin hawa-hawan, kuma tun farko ban sa fyaɗe ko taɓa yara cikin ƙananan laifuffuka ba, waɗannan akwai rajistar masu laifin lalata da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ta buɗe a 2019, kuma ina son a tilasta wa kowace makaranta duba ta. Inda ba zan bi Ingila ba shi ne cewa duk wanda ya shiga kurkuku laifinsa ba zai faɗi ba. A wurinmu shiga gidan yari ba ma'aunin girman laifi ba ne, sau da yawa ma'aunin aljihu ne. Alƙalin majistare zai ce wata shida ko tarar naira dubu kaza, mai shi ya biya ya koma gida a ranar, marar shi a wuce da shi. A Nuwambar 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. Mutum dubu huɗu ke nan da ba abin da ya tsare su sai rashin kuɗi. Ban da wannan, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifin komai ba, amma idan sun fito unguwa ba ta bambance su da wanda aka yanke wa hukunci. Idan za a ja layi, a ja shi a kan irin laifin da abin da alƙali ya yanke, ba a kan ko mutum ya kwana a ciki ba. Duk hukuncin da aka ba da zaɓin tara a cikinsa, a ƙirga shi ƙarami ko da mutum ya yi zaman.

Ɗan Maraɗi: Mu a Nijar takardar kaziye, wato ta tarihin hukuncin da aka taɓa yanke wa mutum, ta kotu ce ake nema, ba ta 'yan sanda ba, kuma kusan duk jarrabawar shiga aikin gwamnati sai an ce a kawo wadda ba ta wuce wata uku ba. Tsarin da muka gada daga Faransa ya raba kaziye gida uku: ta ɗaya mai ɗauke da komai ta alƙalai ce kawai, ta biyu ta wasu hukumomi ce, ta uku kuma, wadda ba ta ƙunshi komai da komai ba, mai ita kaɗai ake ba wa ya kai inda yake neman aiki. A Faransa kanta hukuncin tara na gogewa da kansa bayan shekara 3, ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba kuma bayan shekara 5, matuƙar mutum bai sake ba. Abin da nake so Alhaji ya gani shi ne ba a ƙona tarihin ba. Alƙali na ganinsa idan mutum ya dawo gabansa. Mai ɗaukar aiki ne kawai aka rage wa abin da zai gani.

Alhaji na Kwari: To na ji, amma ku gaya mini wace doka ce za ta goge abin da ke bakin mutanen unguwa, ko hoton yaro zaune a ƙasa an jera kaya a gabansa, wanda aka watsa a Facebook shekara da shekaru? Yanzu ɗana ma idan zai ɗauki yaro sunansa yake fara bugawa a waya.

Barista: Alhaji, a nan kam ka taɓo inda ya fi ciwo. Holen waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida hukunci ne kafin shari'a, ya ci karo da sashe na 36 na kundin tsarin mulki da ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, kuma jihar Legas ta haramta shi a gyaran dokarta na 2021. Majalisun jihohinmu na Arewa za su iya yin haka ba tare da jiran Abuja ba. Doka ba za ta rufe bakin unguwa ba, gaskiya ne, amma manyan masu ɗaukar aiki, wato gwamnati da bankuna da kamfanonin gadi da na sufuri, da takarda suke aiki, kuma nan ne doka ke da hannu.

Abu ɗaya da zan nace a kai, idan har za a yi, shi ne rufewar ta zo da kanta ba sai mutum ya nema ba. Afirka ta Kudu tana barin mai ƙaramin hukunci ya nemi a goge masa bayan shekara 10, amma sai ya cike takardu ya bi ofisoshi. A jihar Michigan ta Amurka, J.J. Prescott da Sonja Starr sun gano cewa kashi 6.5 cikin 100 kacal na waɗanda suka cancanta ne suka samu gogewar cikin shekara 5, alhali waɗanda suka samu albashinsu ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100 a shekara guda, kuma kaɗan ne ƙwarai suka sake laifi. Jihar Pennsylvania ta yi doka a 2018 da ta sa kwamfutar kotu ke rufe irin waɗannan bayanan da kanta. Idan muka ce sai an nema, a ƙasar da kowace takarda sai an bi ta da kuɗin mota da sanayya, to mun sake ƙirƙiro afuwar masu gata ne da sabon suna.

Malam na Zariya: Domin kada a ɗauka hujjar shari'a gefe guda ta tsaya, ga abin da ke hannun Hajiya da Alhaji. Lokacin da Faɗimatu bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi kan masu neman aurenta, ya gaya mata aibin kowannensu a fili, kuma daga nan malamai suka ciro cewa faɗin aibi ga mai neman shawara nasiha ce, ba giba ba. Saboda haka idan Hajiya ta tambaye ni game da mutumin da na san ya taɓa cutar da yaro, wajibi ne in faɗa mata, ko doka ta rufe takardarsa ko ba ta rufe ba. Sharaɗin da malamai suka sa shi ne a tsaya gwargwadon buƙata, kada a zarce zuwa abin da bai shafi amanar da ake shirin ba shi ba.

Maman Sadiq: Malam, a kan gwargwadon buƙata ba ni da ja. Faɗan gidan kallo na shekara 15 da suka wuce bai dame ni ba, kuma zan iya rayuwa ba tare da na gan shi a takarda ba. Amma ga direban yara, duk abin da ya shafi maye ko tuƙin ganganci ina son in gani ko ya shekara 20, kuma ban yarda lauyoyi da 'yan majalisa su zauna su rubuta jerin laifuffukan da ba sa faɗuwa ba tare da masu makarantu da asibitoci da gidajen marayu a teburin ba. Sannan, Barista, ita dokar 2015 da ka ambata ta ce a aika hukuncin kotu zuwa rajista cikin kwana 30. A fara tabbatar da cewa kotunan majistare da na shari'ar Musulunci a ƙananan hukumomi suna yin haka, da zanen yatsa ba da suna kawai ba, yadda wanda aka hukunta a Gusau zai fito idan na bincika daga Kaduna. Ranar da rajistar ta kai wannan matsayi zan sa hannu a kan shekara 10 ɗin Baban Ummi ga ayyukan da ba na yara ba. Kafin nan tambayar tana nan a fom ɗin makarantata, kuma duk wanda ya amsa da e zan kira shi mu zauna in ji daga bakinsa.